Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya taimaka wa karatun ɗanta?

Hajiya, kin tambaya ko za ki iya taimaka wa ɗanki da ke aji uku na firamare, alhali ba ki yi boko ba, mahaifinsa kuma ɗan fatauci ne da ba ya zama gida. Za ki iya, domin a wannan mataki tsare lokacin yaro ya fi koya masa darasi tasiri. Yaron da aka ɗora wa talla da safe, ko aka tura gona da damina har ya rasa makonni, yakan dawo ya tarar an wuce shi a haɗa baƙi da wasali, kuma a aji mai cunkoso malami ba ya komawa baya saboda ɗalibi ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta wa iyaye a Najeriya su sa 'ya'yansu a makaranta na tsawon shekara 9. Bayan ya dawo daga Islamiyya, ki sa ya karanta miki littafinsa da ƙarfi; inda ya yi ta inda-inda, nan za ki nuna wa malaminsa ranar taron iyaye da malamai.