Amsa ga Baffa: yadda muke ba jiragen yaƙi mai a tsakiyar teku

Baffa, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso ta bakin Yaya, kuma na ji duk abin da aka tattauna a majalisar ƙofar gida bayan isha'i. An ce me ya hana ni halartar sunan ɗana, wane irin jirgi ne zai yi wata da watanni bai tsaya shan mai ba, kuma wai da gaske ne a wajenmu mata ke riƙe da makullin mota da katin banki. Na ga gara in rubuta a fili, don ba ku kaɗai ke tambaya ba. Duk wanda ya zo Kano a cikinmu sai an titsiye shi da irin wannan, ko a rumfar Kwari ko a zauren surukai.

Garin da muke zaune sunansa Norfolk, a jihar Virginia, gabashin Amurka, kuma nan ne sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya. Hausawan wurin ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Akwai Kanawa da Zazzagawa, akwai mutanen Damagaram da Maraɗi, akwai 'yan zangon Kumasi waɗanda kakanninsu ne suka bar Kano da fataucin goro. Wasu na tuƙin manyan motoci, wasu na aikin asibiti, wasu na walda a ma'aikatar gyaran jirage, mu kuma 'yan kaɗan muna fita teku. A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ni ba soja ba ne. Jiragen dakon mai da abinci na rundunar ruwan Amurka farar hula ne ke tuƙa su, a ƙarƙashin hukumar Military Sealift Command, wadda hedikwatarta ke nan Norfolk. Fentinsu toka-toka ne irin na jirgin yaƙi, amma a bututun hayaƙinsu akwai zane shuɗi da ruwan ɗorawa, kuma sunayensu da USNS suke farawa, ba USS ba.

Jirgin yaƙi ba ya son komawa tasha don shan mai. Kwanakin da zai ɓata a tafiya da dawowa, wurin da aka ajiye shi gadi ya zama fayau. Sannan jirgin da ke ɗaure a tasha ba shi da wurin gudu. Ranar 12 ga Oktoba 2000 jirgin USS Cole na shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman aka bugo shi da kwalekwale cike da bam, sojoji 17 suka mutu. Dabarar kai wa jirgin yaƙi mai har inda yake kuwa ta girmi wannan nesa ba kusa ba. Tun 1917, a yaƙin duniya na farko, wani jirgin dakon mai mai suna Maumee ya tsaya a tsakiyar tekun Atlantika yana ba ƙananan jiragen yaƙi mai, don tankinsu ba zai kai su Turai ba. Cikin hafsoshin da suka tsara aikin har da Chester Nimitz, wanda daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Pasifik a yaƙi na biyu. Ingila ma da wannan dabara ta iya yaƙin tsibiran Falkland a 1982, nisan kusan mil 8,000 daga gida.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba a tsayawa. Jirgin da ya tsaya cak igiyar ruwa ke wasa da shi, kuma sitiyarinsa ba ya ci sai yana tafiya. Don haka a guje ake yin komai, kimanin kilomita 24 a awa, tsakanin jirgi da jirgi wajen mita 50 ne kawai. Ku ɗauka tankokin mai biyu ne a titin Zariya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tiyo a tsakaninsu, ɗaya na juye wa ɗaya, ba wanda ya taka birki, titin kuma yana tashi yana sauka a ƙarƙashinsu. Sai dai irin jirgin da na fi yin aiki a kai tsawonsa ya haura mita 200, kuma yana ɗaukar mai wajen ganga 180,000, wato abin da zai cika tanka mai lita 33,000 sama da 800.

Mu masu mai mu ne jagora. Kyaftin ɗinmu zai saita hanya da gudu, ba ya ƙari ba ya ragi. Wanda zai sha shi ke biyo mu a baya yana jira. Ana magana ne da tuta: akwai wata ja mai gicciye ruwan ɗorawa, idan muka ɗaga ta rabi muna shiri ne, idan ta kai ƙololuwa to bismilla, ya matso. Sai ka ga ƙaton jirgi ya ƙara wuta ya taho ta gefenmu har ya daidaita da mu, kana iya ganin fuskokin yaran da ke kansa. A nan ne ake riƙe numfashi, don ruwan da ya matse tsakanin jiragen biyu gudu yake da ƙarfi, yana janyo su ga juna. Matuƙin can ba ya karkata hanyar jirgin fiye da rabin digiri ko ɗaya a lokaci guda.

Sai a busa usur sau ɗaya daga wajenmu, kowa a can ya nemi maɓoya. Su amsa da biyu. Mai jar hular kwano ya ɗaga bindiga ya harba wani dunƙulen roba mai jan siririn zare a bayansa, ya faɗa kan jirginsu. Wannan zaren shi ne mafarin komai. Da shi za su jawo igiya mai kauri, da igiyar su jawo wayar ƙarfe, su maƙala ta a jikin jirginsu. Yara ne a jere, wasu ba su haura shekara ashirin ba, suna ja da hannu, ruwan gishiri na dukan fuskarsu. A wajenmu akwai injin da ke riƙe wayar a miƙe koyaushe: jiragen suka ɗan ware ya saki, suka matso ya ja. Ba don shi ba, ko wayar ta tsinke ko ta nutse a ruwa. A kan wannan waya tiyon ke tafiya, baƙi, faɗin bakinsa inci 7, a rataye, da kan ƙarfe a gaba wanda zai shige wani mazurari a jirginsu ya kulle da ƙara, ƙwas. Sai a ɗaga jar tuta, alamar mai na gudana, ba taba, ba walda, ba wani abin da zai fitar da tartsatsi. Kafin a saki famfo sosai sai sun ɗebi man a kwalba sun ɗaga a haske, su tabbatar babu ruwa babu datti.

Akwai kuma wata igiya da ake miƙawa can gaba, an jera mata ƙananan tutoci masu launi a duk ƙafa 20. Da ita kyaftin ke gane ko tazara ta ƙaru ko ta ragu, da ido kawai. Da dare sai a ɗaura mata 'yan fitilu. Wayar tarho ma a jikinta take, irin wadda ba ta buƙatar lantarki, muryar mutum ce ke tuƙa ta.

Mai iri biyu muke bayarwa, dizal na injin jirgi da man jiragen sama. Manyan jiragen nan masu ɗauke da jiragen sama a bayansu da nukiliya suke tafiya, suna yin shekara ashirin ko fiye ba a sake musu makamashi ba, amma duk da haka su ne manyan masu shanmu, don jiragen saman da ke kansu kullum da ƙishi suke, ga mutum wajen 5,000 da za su ci abinci. Shinkafa, fulawa, nama daskararre, kayan gyara, wasiƙu, duk a ɗaure kan katako ake rataya su a wata wayar su tsallaka, ko jirgi mai saukar ungulu ya sure su a raga ya dire a can. In wani abu ya ɓaci, misali injin ɗaya ya ɗauke ko wani ya faɗa ruwa, akwai rabuwar gaggawa wadda muke maimaita atisayenta har ta zama jiki. In kuma an gama lafiya, sai su sake mana igiyoyinmu, su ƙara wuta, su saki kiɗa a lasifika suna wucewa. Kowane jirgi da kiɗan da aka san shi da shi.

Shi ya sa a 2021, da aka ce sojan ruwan Najeriya za su kafa sansani a Kano, mutanen gari na ta barkwanci wai ko a Tiga za a zuba jiragen, ni ban yi dariya sosai ba. Kwalejin da suka kafa a Dawakin Tofa ta koyon tanadin kaya da rarraba su ce, kuma wanda ya yi aikinmu ya san rabin ƙarfin sojan ruwa lissafin mai da abinci ne, wanda ba sai a bakin teku ake koyonsa ba.

To Baffa, wannan shi ne aikin, kuma shi ya tsara mana zama. Jirgin mai yana bin rundunar duk inda ta nufa, Bahar Rum ko Bahar Maliya ko tekun Indiya, kuma mutum ba ya sauka a tsakiyar ruwa don an yi masa haihuwa. Da muka ga haka sai muka yi wa kanmu tsari. A Amurka asibiti na son a rubuta sunan jariri a takarda kafin uwa ta koma gida, don haka tun kafin in tafi mun zaɓi suna biyu, na namiji da na mace, na bar wa wani dattijo ɗan Damagaram wasiyya. Shi ya yi wa yaron huɗuba, shi ya raɗa suna ran bakwai. Rago kuwa ba a yanka shi a ƙofar gida a nan, doka ta hana. Sai a fita gona bayan gari, a zaɓa, a yanka a can, a dawo da nama. Taron cin abinci a kai shi Asabar ko Lahadi, don ranar aiki ba wanda zai zo. Wanda ke da hali ya ƙara aiko da kuɗin rago na biyu gida, kamar wanda kuka yanka mana, don dangi su shaida.

Zancen mata gaskiya ne, kuma ba na jin kunyarsa. Garin nan ba a rayuwa ba mota, babu ɗan aike, babu ƙane a zaure. Matar da mijinta ke teku ita za ta kai yara makaranta da islamiyya, ta biya kuɗin haya da na wuta, ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. In ka hana ta tuƙi ka kulle kuɗi, ba tsare ta ka yi ba, jefa ta ka yi a hannun baƙi. Abin da muka riƙe da ƙarfi shi ne, namiji ba ya zuwa gidan wanda ke teku shi kaɗai. In famfo ya lalace, da matarsa zai je, ko ya tura mai gyara matan su tsaya a kai. Matan kuma suna da adashinsu, suna karɓa-karɓar kwana a gidan mai jego har a yi arba'in. Ban ce ba a samun saɓani ba. Akwai auren da nisan nan ya kashe, mun gani da idonmu.

Salla muna yi, muna kasaru, kuma ranar da aikin mai ya ci azahar sai mu haɗa ta da la'asar, don wanda ke riƙe da igiya ba ya sakinta. Alƙibla sai an tambayi masu ɗakin tuƙi, kuma jirgi na iya juyawa kana raka'a ta biyu. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, a tekun Larabawa yamma muke kallo. Azumi da ranar inda muke muke bi. Giya kuwa, tun 1914 aka hana shan ta a jiragen sojan ruwan Amurka, har namu. Nama ne matsala, don ba kullum ake samun yankan Musulmi ba, sai mutum ya koma kifi da ƙwai da wake, ya barbaɗa yajinsa.

Akwai tambayar da Yaya ya ce an yi ta ƙasa-ƙasa, wato ya Musulmi zai riƙa ɗura wa jirgin da wataƙila ƙasar Musulmi zai je ya buga. Wannan mu ma ta raba mu. Akwai wanda ya ajiye aikin saboda ita ya koma tuƙin mota, kuma ba wanda ya zarge shi. Masu zama suna cewa jiragen nan su ne suka kai agaji Aceh ta Indunusiya bayan ambaliyar teku ta 2004, su ne kuma suka yi ta korar 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya. Duk gaskiya ne. Amma man da na tura ta tiyon nan ba ni ke faɗin inda za a ƙone shi ba, kuma ba zan ce muku hannuna wanke yake tas ba. Na tambayi malamai, amsarsu ba ɗaya ba ce. In Malam na masallacin unguwa yana da abin cewa a kai, ina so in ji, ku sa a naɗo mini muryarsa a turo.

Sai batun tsaraba. Wanda zai taho wata mai zuwa a ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji mai yawa, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki, kuma ya bayyana su a filin jirgi in an tambaye shi. Kilishi da dambun nama kada a saka ko kaɗan, ba a barin nama daga Najeriya ya shiga ƙasar, ƙwacewa za su yi, in mutum ya ɓoye ma har tara sai ya biya. A gaida Inna da su Gwaggo, da duk mutanen majalisa.