Tambaya da Amsa: Ta ina zan kama koyon Japananci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina shekarar ƙarshe a fannin injiniya, kuma ina da niyyar neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT. Na samo littattafan koyon Japananci, amma duk da Turanci aka rubuta su domin Turawa. Ina buɗewa na ga rubutu iri uku, sai gabana ya faɗi. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a.

Ki riƙe littattafan nan, amma ki sani babin furuci an rubuta shi ne don warkar da ciwon Bature, ke kuwa ba ki da wannan ciwon. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma ana furta su kusan yadda kike karanta su a rubutun boko. Mai Turanci ne ke shan wahala a nan, don a harshensa wasali guda yana da karatu biyu ko uku. U ɗin kaɗai za ki kula da shi: kada ki turo leɓe gaba.

Inda Hausa ta fi yi miki rana shi ne jan wasali. Kin san garin da ake zama a ciki daban, garin tuwo daban, kuma tsawon a ne ya fara raba su. Haka Japanawa ma. Obasan goggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka ce. Ki ja wasalin a gaban mace 'yar shekara arba'in ki ga yadda fuskarta za ta canja. Sunan babban birninsu ma bugu huɗu ne a bakinsu, To-o-kyo-o. Ninka baƙi shi ma kin saba da shi tun daga daba da dabba: kite na nufin "zo", kitte kuma kan sarki ne na aika wasiƙa. Har karin sauti suna da shi, ko da yake bai kai namu nauyi ba. A karin Tokyo, ame da aka fara da ɗaga murya ruwan sama ne, wanda aka ɗaga a ƙarshe kuwa alewa. Wanda kunnensa ya raba kukan jariri da miyar kuka ba zai ɓata a nan ba. Fu ɗinsu, kamar a sunan dutsen Fuji, da leɓɓa biyu ake hura shi, irin f ɗin Bakano.

Tarko biyu ne ke jiran Bahaushe. Tsu nasu ba irin ts na "tsamiya" ba ne mai tsartuwa daga maƙogwaro. T ne da s a haɗe, a sake. Sai kuma p, wadda muke yawan mayarwa f. Burodi pan ne, ki rufe leɓe sosai kafin ki sake shi. Ki kuma lura ana haɗiye u a ƙarshen desu, kalmar da ke rufe jimlolinsu da yawa, sai ki ji kamar des aka ce.

Rubutu kuwa, iri ukun da kika gani su ne hiragana, katakana da kanji. Ki fara da hiragana. Alamomi 46 ne, kusan kowaccensu gaɓa ce sukutum: ka, ki, ku, ke, ko. Mai yi kullum da biro da takarda yana iya haddace su cikin mako biyu ko uku, muddin ya bi jerin zanen yadda littafi ya nuna. Da zarar kin iya su, ki rufe rubutun haruffan boko da ke ƙarƙashin jimloli. Wancan tsarin yana ɗauke da sunan James Curtis Hepburn, Ba'amurken da ya fitar da ƙamus a 1867, kuma da kunnen mai Turanci aka gina shi. Shi ya sa za ki ga ch inda ke c za ki rubuta. Wanda ya daɗe a kansa yakan kai wata shida bai iya karanta allon tashar jirgin ƙasa ba. Wani abu da ke rikita sabon shiga: は ha ce, amma idan ta biyo bayan abin da ake magana a kansa sai a karanta ta wa.

Katakana ma 46 ne, sauti ɗaya da hiragana, da su ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi. Kano カノ ce, Najeriya kuwa Naijeria suke cewa. A nan Turancinki zai yi aiki, don terebi talabijin ce, koohii kofi.

Kanji, alamomin da aka aro daga Sin, su ne doguwar tafiya. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010 yana da 2,136, kuma yaron Japan yana shafe shekara shida ta firamare yana koyon 1,026 daga ciki. Alama guda tana da karatu fiye da ɗaya: 山 yama ce idan tana ita kaɗai, amma a Fujisan san ce. Saboda haka kada ki haddace su tsurarsu, ki koye su cikin kalma. Ki fara da lambobi da ranakun mako, ki sa jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT mataki na N5, wanda shi ne na ƙasa, a gabanki. Sanarwar MEXT kuwa ki riƙa duba ta a shafin ofishin jakadancin Japan da ke Abuja.