Wayarki ba fitilar gida ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da zarar hadari ya taso da iska sai a ɗauke mana wuta, wani sa'in har kwana biyu. Tocilar wayata muke kunnawa ni da yara, kafin tsakar dare batir ya mutu. Fawa-banki zan saya, ko akwai abin da ya fi shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sayi fawa-bankin, amma ki fara rage wa wayar aiki. A daren da iska ta kayar da turakun wuta, da wayar nan za ki nemi taimako idan yaro ya tashi da zazzaɓi, da ita za ki ji halin da 'yan uwa suke ciki. Bai kamata cajinta ya ƙare a haska ɗaki ba.

Abin da gida ke buƙata shi ne fitilar caji mai ƙwan LED, wadda haskenta ke bazuwa ko'ina, a ajiye ta a ɗakin da kuka fi zama. Ki duba ko tana da matakan haske, domin ƙaramin mataki ya isa a ci abinci a yi shimfiɗa, kuma yana sa cajin ya daɗe sosai. Ki ƙara da tocilar goshi. Ni ita na fi so, don hannuwanki biyu suna nan ko da goyo kike ko girki. Idan ƙaramar tocila kawai gare ki, ki jingina ta da gorar ruwa mai garai-garai, hasken zai watsu cikin ɗakin. Kyandir kuwa ba na ba da shawararsa a gidan da ke da yara, iska da labule da harshen wuta ba sa zama wuri ɗaya.

Game da fawa-banki, kada lambar da ke jikinsa ta ruɗe ki. Mai 10,000mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) ba duka yake bayarwa ba, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya wajen sauya ƙarfin wutar da kuma zafi. Wayar da batirinta 5,000mAh ne, cika ɗaya zai yi mata da ɗan ƙari. Amma ki jona masa ƙaramin ƙwan USB mai wat 3, zai ba ki haske na kimanin awa 8. Idan da hali ki sayi biyu, ɗaya na waya ɗaya na fitila.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne ajiya. Batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, don haka ki riƙa duba su duk wata uku, ki cika su tun ana ganin alamar hadari. Tocila mai batirin sakawa, a cire batiran idan za ta daɗe a ajiye, suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Wuri ɗaya za a ware wa fitilun da fawa-bankin wanda kowa ya sani, har yaran, yadda hannu zai kai ko cikin duhu. Idan sabis ya ɗauke, ki sa wayar a yanayin jirgin sama, neman sabis ɗin da take yi ba ƙaƙƙautawa yana shan batir.

Tambaya: Malam, ina da soket mai kariya daga hauhawar wuta. Zan iya barin kwamfutata a jone ana tsawa?

Amsa: A'a ɗan'uwa, ka zare ta. Wannan soket yana tare ƙananan hauhawar wuta ne, ba ya iya tare aradu idan ta faɗo a layi. Ka cire filogin tun hadarin yana nesa, har da na talabijin da wayar eriya, kada ka mayar sai wutar ta dawo ta zauna na 'yan mintoci. Idan kuma janareta za ka tayar, a waje za ka ajiye shi nesa da taga da ƙofa, ko da ana ruwa. Cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci.