Hawa sama ba ya tare harsashi, ƙasa ce ke tarewa

Ɗana, na ji bayaninka. Ka ce zomaye sun addabi wani mai lambu, yana da ɗakin ajiya mai bene a gefen filin, gidajen mutane kuma suna bayan shingensa. Kana tambaya ko ka hau benen ka riƙa harbowa ƙasa, tunda a ganinka duk harsashin da ya fito daga sama ƙasa zai nufa ya nutse.

Rabin maganarka gaskiya ne, shi ya sa masu sana'ar harbin zomaye suke kafa dandamali su hau. Wanda ke tsaye a fili, bindigarsa kusan a kwance take, in ya kuskure zomo harsashi sai ya miƙe ya yi ta tafiya. Wanda ke sama kuwa bakin bindigarsa na kallon ƙasa. Amma wannan sunkuyon ba ya ɗorewa, nisa yana cinye shi. A ce kana sama da mita 4. Zomon da ke mita 10 daga gindin ginin, harsashi zai same shi da sunkuyon kusan digiri 22. A mita 25 ya ragu zuwa 9. A mita 50 bai kai 5 ba, wato shafar ƙasa kawai zai yi. Ka ga hawan naka ya amfane ka ne a ɗan da'irar da ke kusa da kai. Bayan nan, da kai da na tsaye a ƙasa kusan duk ɗaya ne.

Harsashin da ya shafi ƙasa a kwance ba ya nutsewa. Ka san yadda yara ke wurga faffaɗan dutse a kan ruwa yana tsalle yana ƙara gaba? Haka yake yi. Ya daki ƙasa, ya lanƙwashe, ya goce ya tashi, kuma babu maharbin da zai iya ce maka ga inda zai sauka. In ka taɓa jin wani siririn kuka yana nisa bayan ƙarar harbi, to shi ne. Duk ranar da ka ji wannan kukan kusa da gidaje, ka sauke bindiga, aikin ranar ya ƙare.

Don haka kafin ka dubi bene, sauka ka taka filin da rana tsaka. Sa dunduniyar takalminka ka murza ƙasar. In ta lotsa, mai laushi ce ko mai danshi ko wadda aka nome, za ta iya haɗiye harsashi. In tsandauri ce, ko mai tsakuwa, ko wadda ta daskare don sanyi, ba ta da amana. Ka duba cikin ciyawa da kyau, domin a nan ake samun guntun bulo, tsohon ƙarfe, bututun ban ruwa, bakin daɓen siminti. Kududdufi ma haɗari ne, ruwa na tayar da harsashi kamar dutse. Shinge na itace ko na waya ko na ganye ba ya tare komai, ɓoye maka abin da ke baya kawai yake yi, kuma wannan ya fi muni. Abin da nake so in gani a bayan zomo shi ne tudun ƙasa mai laushi wanda idona ke ganin dukkansa. In babu, a jibge ƙasa ko buhunan yashi a bayan wurin da suke fitowa kiwo.

Sai maganar bindigar. Na san hankalinka na kan ƙaramar bindigar nan ƙirar .22 mai harsashi marar ƙara sosai, don kada a tayar wa maƙwabta hankali. To ita ce ta fi kowace bindigar zomo yawan gocewa. Harsashinta darma ce mai nauyin gram 2.6, tana tafiyar kusan mita 320 a daƙiƙa. Gudun bai isa ya farfasa ta ba, sai ta daki ƙasa ta tashi a dunƙule da sauran ƙarfinta. Karanta kwalin harsashin, za ka ga gargaɗin cewa yana iya yin lahani a nisan da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Akwai wata ƙirar bindigar, .17 HMR, da ta fito a 2002, harsashinta bai kai rabin nauyin wancan ba, gudunsa ya ninka, yawanci yakan tarwatse in ya daki ƙasa. Yawanci na ce, ban ce kullum ba, ga kuma ƙara mai tsinka zuciya. Ni dai inda ake hango rufin gida, bindigar iska nake ɗauka. Mai ƙarfin jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) ta ishi zomo a mita 30 in an same shi a ka, tsakanin ido da gindin kunne, alhali .22 ɗin nan ta haura jul 130. Kada ka raina bindigar iskar don haka. Ƙwayarta na fasa gilashi, tana tsiyaye ido, in aka harba ta sama tana tafiyar ɗaruruwan mitoci.

Ko da wace bindiga ce, gida ba ya shiga layin harbinka. Ka zauna yadda gidajen za su kasance a bayanka ko a gefe can nesa. In benen nan yana fuskantar gidajen ne, bai yi ba, komai daɗin zama a cikinsa. Kafa turaku biyu masu farin ƙyalle, ɗaya dama ɗaya hagu, na uku kuma a iyakar nisan da ka yanke. Zomon da ke wajen turakun nan ba naka ba ne yau. Za ka ga amfaninsu lokacin da ka raunata wani ya zabura da gudu, hannunka na son bin sa da bindiga. A wannan daƙiƙar ce bakin bindiga ke juyawa wajen da ba ka taɓa niyya ba.

Akwai abu biyu da hawa sama ke jawowa. Madubin saiti yana zaune kusan santimita 4 zuwa 5 a saman bututun bindiga, don haka kana iya ganin zomo tas a madubi alhali bakin bindigar na kallon dakalin taga ko ƙarfen baranda. Ɗaga kanka ka duba bakin da idonka kafin yatsa ya je ga kunama. Na biyu, harbi daga sama yakan sauka sama kaɗan da inda ka saba, sai ka gwada a takarda daga wannan mazaunin kafin ka gwada a kan mai rai. Hawan kansa kuma, ba a taka tsani da bindiga mai harsashi. Cire komai, buɗe ta, hau da hannu biyu, sannan ka jawo ta da igiya bakinta na ƙasa.

Zomo da asuba da magariba yake fita, lokacin da ido ke yaudara. Kyanwar maƙwabci a tsugune cikin ciyawa girmansu ɗaya. Yaro kan tsallako shinge neman ƙwallonsa ba tare da sallama ba. Abin da ba ka ga kunnuwansa da dukkan jikinsa ba, kada ka harba, ƙyallin ido a hasken fitila bai isa shaida ba.

Kafin duk wannan, karɓi izinin mai fili a rubuce, ka tabbatar lasisinka ya halatta wannan aikin, ka san dokar wurin game da tazara daga gida da hanya, domin ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, ƙwayar bindigar iska ta tsallake iyakar filin da aka ba ka izini, laifi ne ko ba ta taɓa kowa ba. Ka kuma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta ka gaya musu rana da lokaci, su tsare yara da dabbobinsu.

In ka auna ka ga babu kusurwar da ta kuɓuta daga gidajen, gaya wa mai lambun gaskiya, ka kawo masa tarkon keji da ake dubawa safe da yamma, da ragar waya mai ƙananan idanu, a binne gindinta a lanƙwasa shi waje don kada su haƙa ta ƙasa. Je ka zana mini filin a takarda, ka sa gidajen da benen da inda ramukan suke, ka kawo mu duba tare kafin ka taɓa bindiga.