Tambayoyinku: katin hoto ya ƙi aiki a Windows ɗin da ke cikin Linux

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Mabera, nan Sakkwato, ina gyaran bidiyon biki da suna. Ubuntu ke kan kwamfutata mai Intel Core i5, amma manhajar da nake aiki da ita sai a Windows, don haka na girka Windows a cikin Linux ta hanyar virt-manager, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Na sayo katin hoto na hannu, GTX 1060, don in miƙa wa Windows ɗin shi kacokan. Yau kwana huɗu allo baƙi ƙirin, ga saƙon Code 43 da Windows ke nunawa cewa katin ya ƙi aiki. Mataccen kati aka sayar mini ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka mayar da katin tukuna. Na fi zaton lafiyarsa ƙalau, Linux ne bai sake shi ba. Kabu-kabu ɗaya mutum biyu ba sa tuƙa shi a lokaci guda. Muddin Ubuntu na riƙe da kan, Windows ba ta da abin kamawa.

Ka rubuta lspci -nnk a terminal, wato wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka duba direban da ke riƙe da katin, wato manhajar da ke sarrafa shi. In ka ga nouveau ko nvidia, to ga ɓarawon nan. Abin da muke so mu gani shi ne vfio-pci, direban da ke ajiye wa Windows katin. Sai ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ka kunna VT-d, fasahar Intel ta miƙa wa kwamfutar kwaikwayo na'ura, sannan ka zaɓi sashen hoton Intel da ke cikin kwamfutar ya zama shi ke fara tashi. Wannan wurin mutane da yawa ke tsallakewa, kuma yana damuna, domin katin da kwamfuta ta tashi da shi ya fi kowane wuyar ƙwacewa. Allon Ubuntu ya koma ramin da ke jikin kwamfutar, shi kuma katin a ba shi allonsa daban. In babu waya a jikinsa, ina zai nuna hoton?

Daga nan sai fayil ɗin /etc/default/grub. Ka ƙara intel_iommu=on da vfio-pci.ids, ka sa lambobin da lspci ya ba ka. Na Nvidia da 10de suke farawa. Lambobi biyu za ka sa, ba ɗaya ba, domin katin na ɗauke da sashen sauti na HDMI, kuma rukuninsu ɗaya a IOMMU, wato tsarin da ke kasa na'urori rukuni-rukuni. Tare ake miƙa su ko a fasa. Ka yi update-grub, ka sake kunnawa, ka sake dubawa.

Shi kuwa Code 43, tarihi gare shi. Shekaru da dama direban Nvidia in ya gane cewa cikin kwamfutar kwaikwayo yake, sai ya ƙi tashi da gangan. A watan Maris na 2021, da direba mai lamba 465.89, kamfanin ya janye wannan shinge ga katunan GeForce. Na san halinmu: saboda tsadar data, tsohon direba ake kwafowa a filas daga wurin aboki. Ka daure ka sauko da sabo, ko da cikin dare ne. Ka kuma tabbata da OVMF, wato UEFI da ya gaji tsohon BIOS, ka girka Windows ɗin. In da tsohon BIOS ka yi, sake girkawa ya fi sauƙi.

Kada ka manta wayar wuta mai haƙora shida da yawancin irin katin nan ke buƙata, kuma ka busa masa ƙura, don zafin Afrilu a garin nan ba ya raga wa na'ura.

In duk ka yi wannan bai tashi ba, ka sa Windows kai tsaye a wani faifan ka gwada katin shi kaɗai. In can ma ya nuna 43, to ka nemi mai shagon da rasidinka. Ka rubuto mini abin da lspci ya nuna maka.