Tambayi Likita: Gireta, tafarnuwa da ɗanyar citta

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk daga madafa suka fito, kan ɗan magogin nan na tafarnuwa da citta da mata ke kira gireta. Akwai guda ɗaya da ya hana ni sukuni, a kansa zan fi daɗewa.

Tambaya: Likita, ƙawata ta ce goga tafarnuwa yana kashe amfaninta, gara a daka a turmi. Haka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Ba haka ba ne, Hajiya. Sinadarin da ke ba tafarnuwa yajinta, alisin, sai an farfasa ƙwayar yake haɗuwa. Daka da guga duk suna fitar da shi, sun ma fi yanka. Ki bar ta kamar minti 10 kafin ki zuba a tukunya, don zafin wuta yana katse haɗuwarsa.

Tambaya: Giretata irin ta gwangwani ce da ake hudawa da ƙusa, ta fara tsatsa. Jiya ta ɗaye min fatar yatsa. Me zan yi?

Amsa: Ki yar da ita, ki sayi ta ƙarfen da ba ya tsatsa ko ta tangaran. Ciwon kuma ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ki rufe. Ban da toka, ban da kananzir. Ƙwayar tetanus a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, shi ya sa nake tambaya: yaushe rabonki da allurarsa? In ya haura shekara 5, ko ba ki tuna ba, ki je asibiti yau. Haka in yatsan ya kumbura, yana zogi ko yana fitar da mugunya. Mai ciwon suga kuwa kada ta jira ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta kai a duba.

Tambaya: Cikina wata biyu, laulayi ya sa ni gaba. Zan iya shan shayin citta?

Amsa: Ƙwarai, tana rage tashin zuciya. Ƙaramin cokali ɗaya na gogaggiyar ɗanyar citta ya isa a yini, ki raba shi biyu ko uku. Cittar Kachiya da Kafanchan yaji gare ta, in aka cika ta sai ƙwannafi ya biyo baya. Amma in ko ruwa ba ya zama a cikinki, fitsari ya ragu ya yi duhu, kina jiri, wannan ya wuce shayi, ƙarin ruwa kike buƙata a asibiti. Ki fara awo da wuri.

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan ina fama da sanyi, ƙaiƙayi da farin ruwa. Wata mai kayan mata ta ce in goga tafarnuwa in ƙulle a ƙyalle in yi matsi da ita da daddare. Na yi kwana uku. Yanzu wurin raɗaɗi yake, fitsari ma da hawaye nake yi. Ta ce alamar magani na aiki ne, in ci gaba.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah ki daina daga yau. Raɗaɗin nan ƙuna ce, ba magani ne ke aiki ba. In akwai saura a ciki ki cire, ki ɗauraye waje kawai da ruwa zalla, ba sabulu, ba ruwan gishiri, ba ruwan zafi. Gobe da safe ki je asibiti.

Alisin ɗin da na ambata a sama shi ne ya ƙone ki, kuma gogaggiyar tafarnuwa ta fi ƙwayar da ba a fasa ba illa nesa ba kusa ba, domin guga ya saki dukkan ƙarfinta lokaci guda. Ko a fatar hannu, mai kauri, in aka ɗaure ta na 'yan sa'o'i sai ta yi bororo. Na taɓa karɓar wani yaro ɗan shekara huɗu da aka liƙa wa ita a ka saboda makero, aka naɗe da ɗankwali ya kwana da ita. Da muka kwance, fatar wurin ta saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, uwar na tsaye tana kuka tana cewa ita taimako ta yi nufi. Na yarda da ita. To in fatar kai ta yi haka, ina ga fatar gaban mace, wadda laushinta kamar na cikin baki ne?

Na san daga inda maganar ta samo asali. Gaskiya ne a ɗakin gwaji ruwan tafarnuwa yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a cikin faranti. Jikin mutum kuwa ba faranti ba ne. A wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostareliya, aka buga a 2014, an ba mata ƙwayoyin tafarnuwa na haɗiya, ba a ga sun rage ƙwayar kandida mai kawo ƙaiƙayi ba. Cusa ta kuma yana iya kashe ƙwayoyin kirki da Allah ya ajiye a wurin suna tsare shi, ya bar rauni a buɗe, ga ƙasar da ke maƙale a jikin tafarnuwar da ta ƙyallen.

Abin da ke ƙona min rai shi ne kalmar “sanyi” ɗin nan da ake jibga wa komai. Cututtuka daban-daban ne. Akwai kandida, mai farin ruwa kamar kindirmo da ƙaiƙayi. Akwai rikicewar ƙwayoyin gaba, mai ruwa tsinkakke da ƙarni. Akwai waɗanda ake ɗauka ta saduwa, su kuwa sai an yi wa miji da mata magani tare, har da abokiyar zama in akwai, in ba haka ba ciwon ya riƙa zagaye gidan. Kowanne da maganinsa, kuma yawanci ba su da tsada. Mai kayan matan da ba ta duba ki ba, ba ta yi gwaji ba, da me ta gane wanne ne naki? Irin na ukun nan in aka bar shi yana iya hawa mahaifa ya toshe hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa shekara da shekaru, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Wata huɗu ba wasa ba ne. Sannan ƙaiƙayin da ke tafiya yana dawowa kan sa mu gwada suga.

In kunya ce ke hana ki, ki nemi likita mace ko ungozoma, kuma ki faɗa mata gaskiyar abin da kika saka. Ba wanda zai yi miki faɗa. In kuwa akwai zazzaɓi, ciwon mara, jini, ko kina da ciki, kada ki jira gobe. Masu cusa ta a kunnen yaro ko a hanci, da masu shafa ta a cibiyar jariri, ku ma da ku nake.

Tambaya: Nakan goga tafarnuwa da citta da yawa in zuba a kwalba da man gyaɗa, ta yi min wata guda a kan kantar madafa. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba. Tafarnuwar da mai ya rufe ba ta samun iska, a nan ƙwayar botulizim ke tsirowa ta saki guba mai shanye jijiyoyi, kuma ba lallai a ji wari ko canjin ɗanɗano ba. A 1985 irin wannan haɗin ya kwantar da mutum 36 a Bankuba ta Kanada. A firji kada ya wuce kwana 4. Da yanayin wutarmu, goga na yau ki yi amfani da shi yau, ai saurin da giretar ta kawo ke nan. Wanda ya ci ya fara gani biyu-biyu, ko haɗiya ta gagare shi, a garzaya da shi asibiti.

Tambaya: Mahaifina ya ajiye maganin hawan jini, yanzu tafarnuwa da citta da zuma yake sha kullum. Ya ce ya ji garau.

Amsa: Malam, hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau yake faɗuwa. Abin da tafarnuwa ke ragewa kaɗan ne, ba ta maye gurbin ƙwaya ko ɗaya. Sau nawa ake kawo mana dattijo ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta taɓu, a ce ai yana kan na gargajiya! Ka lallashi Baba cikin ladabi, ka kai shi a auna jininsa cikin makon nan, ya koma kan maganinsa. Ya ci tafarnuwarsa a miya, a rage gishiri da dunƙule. In yana shan asfirin ko wafarin, ko za a yi masa tiyata, a gaya wa likita yawan da yake sha, don tana iya ƙara tsinka jini. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, asibiti nan take.

Tambaya: Yaya zan kawar da warin tafarnuwa kafin in tafi masallaci?

Amsa: Buroshi kaɗai ba ya isa, don warin ta jini yake bi ya fito ta huhu. Madara da ganyen na'a-na'a suna ragewa. Dafaffiya ba ta kai ɗanya wari ba, sai ka fi karkata gare ta.