Amsa kan tsofaffin alƙaluman tawada masu araha

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsohon alƙalamin tawada mai araha ya cancanci kuɗinsa, ko kuwa gara mutum ya sayi sabo ya huta. Na daɗe ina rubutu da irin waɗannan alƙaluma, wasu kuma da hannuna na gyara su, kuma a ganina sun cancanta ƙwarai, matuƙar ka san abin da za ka duba kafin ka biya. Yawansu ne ya karya farashinsu, domin an ƙera su ne a zamanin da ɗalibi da akawu da ɗan kasuwa duk da su suke rubutu kullum, kafin biro ya mamaye kasuwa, saboda haka an yi su da yawa, an kuma yi su yadda za su jure aiki su karɓi gyara.

Wanda nake fara nuna wa kowa shi ne Esterbrook J, wanda aka riƙa ƙerawa a Camden ta jihar New Jersey a Amurka tun shekarun 1940. Bakinsa na ƙarfe ne, amma ana kwance shi kamar noti a ɗaura wani, kuma kowane baki da lambarsa: 9556 siriri ne mai tauri, 9668 matsakaici, 9128 kuwa yana ɗan buɗewa idan ka danna. Ka fi neman masu farawa da 9, don su ne aka liƙa wa ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri a tsini, masu farawa da 2 kuwa lanƙwasa ƙarfen kawai aka yi, sun fi saurin cinyewa. Wannan alƙalami ne ya tabbatar mini cewa santsin rubutu daga gogewar tsini da daidaituwar ɓangarorinsa biyu yake fitowa, ko da babu zinare a jikinsa.

Matsalarsa ɗaya ce, wato jakar robar da ke riƙe tawada. Idan ka ɗaga ɗan ƙarfen gefe da ke matse jakar don ta zuƙi tawada ka ji ya ƙi motsi, kada ka tilasta masa, robar ce ta bushe. Da ka buɗe za ka ga ta zubo ɓaraguzai baƙaƙe, sai a kankare ragowar, a liƙa sabuwa, a shafa mata hoda don kada ta manne, shi ke nan alƙalami ya dawo aiki.

Idan ba ka son ko wannan ɗawainiyar, nemi Parker 51. Ya fito a 1941, amma wanda nake nufi shi ne samfurin Aerometric da ya biyo baya a 1948, wato wanda ake matsa jakarsa da yatsa ya zuƙi tawada, domin jakarsa ba roba ce irin ta da ba, kuma da yawansu har yau wanki kawai suke buƙata. Bakinsa a lulluɓe yake, tawada ba ta saurin bushewa ko ka bar shi a buɗe kana tunani, sai dai yana da tauri, ba ya sauya kaurin layi. Mai rubuta shafuka da yawa zai ji daɗinsa. Mai son rubutu ya yi kauri ya yi siranta, Pelikan 140 na Jamus da ya fito a 1952 ya fi dacewa da shi, don bakinsa na zinare yana da laushi, ko da yake farashinsa kan ɗan ɗara. Parker 45 na 1960 ma ba shi da laifi ga mai farawa.

Biyu zan ce ka ɗan dakata da su. Parker 21 yana kama da 51, amma jikinsa na saurin tsagewa. Sheaffer Snorkel na 1952 kuwa yana rubutu mai daɗi, sai dai cikinsa na da sarƙaƙiya, kuɗin gyara na iya wuce na saye.

Kafin ka saya, duba tsini da gilashin ƙara girma ka tabbata ƙwallon yana nan a ɓangarorin biyu, sannan ka bi bakin murfi da farce, domin tsaga a nan take ɓoyewa. Idan daga nesa za ka saya, ka nemi hoton rubutun da aka yi da shi, ka kuma tambaya ko an canja robar. Wanki da ruwan sanyi ake yi, ruwan zafi na dusashe launin wasu tsofaffin jikuna. Tawada kuma ka tsaya kan masu sauƙi irin Parker Quink ko Pelikan 4001 ko Waterman, kada ka kuskura ka zuba masa tawadar zane, domin idan ta daskare a ciki takan toshe hanyar gaba ɗaya.